Fentin Ƙaramin Jirgin Sama: Dof Ko Mai Haɗi Biyu?

Injin ƙaramin jirgin sama, irin wanda masu sha'awa ke haɗawa da hannunsu su tuƙa da rimot ko da dogayen wayoyi, ba shi da ma'ajiyar baƙin mai irin ta mota. Man da ke sa masa santsi, ya hana ƙarfe cin ƙarfe, a cikin man da yake sha ake zuba shi, kuma yawancinsa ba ya ƙonewa. Ta salansa yake fita da zafinsa, iska ta watsa shi a gefen jirgi da ƙasan fiffike har wutsiya. A ɗauki injin cc 6.5, wanda aka saba sa wa jirgin koyo. Tankinsa kan ci wajen mililita 240, ya shanye cikin minti goma zuwa sha biyar. In kashi 18 cikin ɗari na wannan man na santsi ne, to kusan mililita 43 ke nan, kimanin cokali uku na cin abinci, kuma da yawa daga ciki a jikin jirgin zai sauka. Kowane tashi haka ne.

Jirgin kuwa yawanci da katakon balsa ake gina shi, itace mai sauƙin nauyi da akasari daga Ekwado ake kawo shi, wanda ke tsotse mai nan take in ya samu kafa. Shi ya sa zancen fenti bai taɓa zama na ado kawai ba a wurin masu wannan sha'awa, kuma shi ya sa suka daɗe da rabuwa gida biyu. Wasu na tare da dof, fentin gargajiya na jiragen yadi. Wasu sun koma fenti mai haɗi biyu, wato efoksi ko foliyuretan irin na motoci, wanda sai an gauraya shi da sinadarin daskararwa kafin a fesa.

Kafin a saurari kowa, ya kamata a san abin da ke cikin man. A shekarun 1930, injinan waɗannan jirage fetur suke sha, da fulogi mai tartsatsi da batir da kwayil, kuma dof ɗin naitiret da ake shafa wa takarda ko siliki yana jure fetur ba wata damuwa. Wajen 1947 wani Ba'amurke, Ray Arden, ya fito da fulogi mai garwashi. Siririyar waya ce mai filatinum a cikinsa, wadda ke ci gaba da yin ja muddin tana haɗuwa da tururin metanol. Aka huta da ɗaukar batir da kwayil a cikin jirgi, amma sai mai ya canza: metanol, da man zurma, sannan aka ƙara naitirometen don injin ya ƙara ƙarfi. Nan fentin da aka saba da shi ya fara narkewa a hannun mutane. Naitiro, kamar yadda masu harkar ke taƙaita sunansa, mugun mai narkarwa ne. Ya isa a ce da shi ake yin wasu magungunan kwance sufa gulu. Man jiragen wasanni kan ƙunshi kashi 5 zuwa 15 na naitiro, na tsere da na jirage masu saukar ungulu kan kai 30, man santsi kuma tsakanin kashi 16 zuwa 22, sai tsofaffin injina irin Fox 35 da ke son man zurma har ya doshi kashi 28.

Ɓarnar iri biyu ce, kuma yawan gardamar da ake yi daga cakuɗa su take tasowa. Ɗanyen mai, wanda ya zube lokacin cika tanki ko ya tsiyayo daga kafireto, shi ke cin fenti: ya tausasa shi, ya dusashe shi, ya sa ya yi danƙo. Abin da ke fita ta salansa kuwa, yawancin metanol da naitironsa sun riga sun ƙone, saura man santsi mai zafi. Shi bai cika cin fenti ba. Kafa yake nema, ya bi ta tsaga ko bakin ledar da aka rufe jirgi da ita ko ramin kusa ya shige cikin katako. Balsa in ya sha mai sai ya yi nauyi, ya yi laushi, gam ya daina kama shi. Wata rana injin yana tsakiyar gudu sai allon da aka ɗaure shi a kai ya rabu da gangar jirgin.

To, masu dof me suke cewa?

Hujjarsu ta farko nauyi ce, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin dof tina ne mai tashi ya bi iska, abin da ke saura a jikin jirgi ɗan kaɗan ne. Fentin haɗi biyu kuwa kusan rabin abin da aka fesa yana nan, ya daskare. A mota wannan ba komai ba ne. A jirgi mai kilo biyu da rabi kuwa, ana jin sa a hannu tun daga tashi. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, yawancin faɗin jirgi yana bayan wurin da nauyinsa ke daidaita. In nisan wutsiya daga wannan wuri ya ninka na hanci sau uku, to giram 10 na fentin da ya yi yawa a wutsiya sai an sa masa giram 30 na darma a hanci kafin jirgi ya daidaita. An tashi da giram 40 ke nan saboda shafa ɗaya da ba a buƙata. Jirgi mai nauyi dole ya sauka da gudu, kuma a sauka ake yawan karya jirage.

Ta biyu, dof ba fenti kaɗai ba ne. Yana tsukewa in yana bushewa, ya ja takarda ko siliki ko yadin foliyesta ya ɗame a kan haƙarƙarin fiffike, fiffiken ya ƙara ƙarfi. Wannan aiki efoksi ba ya yin sa. Duk wanda zai rufe fiffike da takarda ko siliki, galibi sai ya bi ta kan dof, ko da daga baya zai ɗora wani abu a sama.

Ta uku ita ce gyara, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi. Jirgin da ke tashi zai faɗi, ko ba jima ko ba daɗe. Sabon shafin dof yana narkar da na ƙasansa su zama abu ɗaya, saboda haka in fiffike ya huje, sai a yanko ƙyalle a manna da dof, a bi da shafi biyu ko uku, a goge da samfefa mai laushi, da ƙyar a gane wurin. Fentin haɗi biyu in ya daskare ya gama, ba abin da ke narkar da shi. Sai an kankare, an yi ciko, an sake gauraya sabo, kuma bakin facin kan nuna.

Sai dai dof ɗin ma iri biyu ne, kuma nan sababbin shiga ke faɗawa rami. Na naitiret ya fi kama jiki, yana tsukewa na ɗan lokaci ya tsaya, amma ba ya jure metanol da naitiro ko kaɗan, ga shi da saurin kama wuta. Na butiret shi ne mai juriya, kuma bai kai wancan cin wuta ba, amma bai kai shi riƙo ba, kuma yana ci gaba da tsukewa wata da watanni, har ya iya murɗe siririn fiffike ko wutsiya. Don haka ne kamfanoni irin Sig da Brodak da Randolph suka fito da nau'in da aka rage wa tsukewa, tsofaffin hannu kuma kan ɗiga ɗan man zurma a gwangwani don ya yi taushi. Ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce naitiret a ƙasa, butiret a sama, ba a juyawa. Haka ma ake yi wa manyan jiragen yadi masu ɗaukar mutane in an rufe su da yadin foliyesta irin Ceconite.

A daidai nan ɗaya ɓangaren ke shigowa, kuma da gaskiyarsu. Suka ce butiret juriya yake da ita, ba kariya ba. Yana iya ɗaukar mai mai naitiro kashi 10, wataƙila 15, in an goge da wuri. Da zarar an haura haka, ko ɗanyen mai ya kwana a kai, sai a ga tabo. Ko da ƙaramin naitiro ne, hancin jirgin dof da ya shekara biyu yana tashi ba ya ɓuya: launi ya dushe, gefen murfin tanki ya yi laushi. Fentin haɗi biyu ba ta hanyar tashin tina kaɗai yake bushewa ba. Sinadaran biyu ne ke sarƙewa da juna su zama wani abu dabam wanda metanol ba ya iya kwancewa. Wanda ya yi wata shida yana gina samfurin jirgin Spitfire, ya bi kowane layi da kowace alama, yana da haƙƙin ya nemi fentin da ba zai lalace ranar farko da tiyon mai ya fashe ba.

Suna kuma da amsa a kan nauyi. Kyakkyawan aikin dof shafi goma ne ko fiye, da jira da gugar samfefa a tsakani, aikin makonni. Mai haɗi biyu shafi ɗaya ko biyu ya wadatar. In mai feshin ya iya hannunsa, ya tsinka fentin yadda ya kamata, bambancin nauyin bai kai yadda ake kururutawa ba. Wannan gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne matsalar. Fentin mota yana da daɗin fesawa, yana kwanciya sumul, yana ƙyalli tun yana ɗanye, sai hannu ya ƙi tsayawa. Ƙwararre ne kaɗai ke iya ajiye bindigar feshi bayan shafi ɗaya.

Tsakanin efoksi da foliyuretan ma akwai 'yar tazara. Fentin efoksi, irin su Hobbypoxy da K&B Superpoxy na da, da KlassKote na yanzu, yana da riƙo da taurin kai a gaban mai, amma rana na dusashe shi, fari ya koma ruwan ƙwai. Foliyuretan na mota ya fi jure rana, ya fi ƙyalli. Da a nan zancen ya tsaya, da na ce ya ci gasar.

Abin da ya hana ni faɗin haka shi ne sinadarin daskararwarsa. Yana ɗauke da aisosayanet, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana gargaɗin cewa haɗarin kamuwar masu fentin mota da asma ya ninka na sauran ma'aikata sau gommai, kuma abin da ta ce a sa lokacin feshi shi ne takunkumi mai jawo iska mai tsabta ta tiyo daga waje. Takunkumin takarda ko ƙyalle ba ya tare komai. Hazon fentin ba a ganin sa da ido, yana kuma daɗewa a ɗaki bayan an gama. Mafi muni, jiki in ya riga ya tsargu da sinadarin, ɗan kaɗan ya isa ya tayar da ciwon, kuma sau da yawa abin ba ya warkewa. Mai sha'awar jirgi ba shi da ɗakin feshi mai fanka da matata. A zaure yake aiki, ko a gareji, ko a tsakar gida inda yara ke wasa.

Kada masu dof su yi saurin murna. Tinansu na sa jiri da ciwon kai, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya tashi gobara. Efoksi shi ma yana sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata da ba ya barin su. Amma waɗannan haɗura ne da buɗaɗɗen wuri da safar hannu da takunkumi mai gawayi ke rage su ƙwarai. Na aisosayanet ya wuce nan.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce tun da aka ƙirƙiro leda. Kamfanin Top Flite na Amurka ya fito da MonoKote a tsakiyar shekarun 1960, Ingila ta yi Solarfilm, Jamus ta yi Oracover. Leda ce mai launi da gam a bayanta, a manna ta da ƙaramin dutsen guga, zafi ya ɗame ta. Ba wari, ba jira, kuma mai ba ya ratsa ta. Ga jirgin koyo da na wasan ƙarshen mako, hujjarsu ta yi ƙarfin da ba na jin akwai mai ture ta. Rauninta a baki yake. Man salansa na bin gaɓar da leda ta hau kan leda, ya saki gam ɗin, ya shige ƙasa. Shi ya sa ake fara rufi daga wutsiya a nufo hanci, don kowane baki ya kalli baya, iska ta riƙa danne shi maimakon ta ɗaga shi. Tana kuma yin tamoji in jirgi ya daɗe a rana. Sannan duk iya ƙoƙarin mutum, leda leda ce a ido, ba ta kama da yadi ko ƙarfe.

Fentin gwangwanin feshi na kanti fa? Na mai, irin Rust-Oleum, mutane da yawa sun ga yana jure ƙaramin naitiro, amma sai an bar shi makonni ya ƙosa, ba bushewar sama kawai ba, kuma launukan azurfa da marasa launi ba abin dogaro ba ne. Banish na foliyuretan mai gwangwani ɗaya yana taimakawa, sai dai yana mayar da fari rawaya. Na ruwa kuwa metanol na cin sa.

Wani abin da gardamar kan manta shi ne, ba kowane inji ke shan metanol ba. Manyan jirage yanzu injin fetur ake sa musu, irin Zenoah da DLE, da ɗan man santsi kashi 2 zuwa 3 kacal, saboda haka ƙazantar kaɗan ce. Fentin ruwa na bango, wanda metanol ke lalatawa, yana zama lafiya a gaban fetur in ya ƙosa, kuma masu gina manyan samfuran jiragen yaƙi a Amurka sun daɗe suna amfani da shi. Amma fetur na narkar da farin soso irin na kwalin firji nan take, kamar yadda tinan dof ma ke yi masa. Ƙananan injinan dizal na Ingila, irin PAW, kananzir da sinadarin ita (ether) da man zurma suke sha, ba su kai naitiro cin fenti ba. Ko tiyon mai ma haka abin yake: na silikon yana zama da metanol, amma fetur na kumbura shi. Jirgin batir kuwa ba ruwansa da duk wannan, a shafa masa abin da aka ga dama muddin ba zai ci soso ba. Wanda ya tambayi wane fenti ne ke jure mai, a fara tambayar sa wane mai.

A ƙasashenmu akwai ƙarin lissafi. Dof kaya ne mai kama wuta, dokokin sufurin sama sun tsananta a kansa, saboda haka samun sa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba abu ne mai sauƙi ba. Abin da ke kusa shi ne kayan masu fentin mota, kuma a nan sai an yi hattara, domin fentin selulos da ake samu a wurinsu ɗan'uwan naitiret ne, metanol na narkar da shi. Yanayi ma yana da ta cewa. Da damina, tinan dof in yana tashi yana sanyaya fuskar aikin, raɓa ta sauka a kai, fentin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, sai an ƙara sinadarin da ke rage masa saurin bushewa ko a jira rana ta buɗe. Da hunturu kuwa dof ne ke da riba, don yana bushewa cikin mintuna kafin ƙura ta sauka, alhali efoksi na yin sa'o'i yana danƙo, duk abin da iska ta kwaso sai ya manne. Zafin bazara na taimaka wa efoksi ya ƙosa da wuri, amma yana gajarta lokacin da za a yi aiki da shi bayan an gauraya.

Abin sha'awa, waɗanda suka fi kowa tsanani a kan fenti sun daɗe da yin sulhu tsakanin gidajen biyu. Masu wasan gwaninta da jirgin waya a Amurka, inda ake ba da maki har 20 a kan kyan jirgi kafin ya tashi, da yawansu dof suke yi tun daga ƙasa har launi, su bar shi makonni tinan ya gama fita, sannan su rufe da siririn shafi ɗaya na foliyuretan marar launi. Sun samu sauƙin nauyi, sun samu kariya, sun sadaukar da sauƙin gyara. Jeri dai ba ya canzawa: mai zafin tina a ƙasa, mai sanyi a sama. Wanda ya shafa dof a kan fentin mai zai ga aikinsa ya yamutse a gabansa.

Ni dai ga inda na tsaya. Ana ɓata yawu a kan abin da ido ke gani, alhali jirgi daga ciki yake mutuwa. Allon inji, ɗakin tanki, mazaunin fiffike, ramukan kusoshi da duk inda tiyo ya ratsa katako, waɗannan ba wurin gardama ba ne. A sami gam ɗin efoksi mai jinkirin kamawa, na minti 30, a tsinka shi da ɗan sifirit, a shafe su da burushi tun kafin a rufe jirgin. Ba feshi, ba hazo, nauyin kuma a hanci yake inda dama ake neman sa. In an yi wannan, rabin rigimar ta mutu. Abin da ya rage na waje kuwa, a nan na fi karkata ga masu dof da masu leda, muddin naitiro bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba, a kuma riƙa goge jirgi da ruwan sabulu bayan an gama tashi. Tabo a hanci abu ne da za a iya zama da shi. Masu haɗi biyu sun fi gaskiya a kan juriya, ban musa ba, kuma mai inji mai yawan naitiro ko samfurin da ya ci wata da watanni yana da dalilin bin su. Amma in foliyuretan ne, to ya kai wa mai ɗakin feshi da kayan numfashi na gaske, ko ya tsaya a efoksi.

Kowanne ka zaɓa, kada ka yarda da rubutun jikin gwangwani, domin kamfanoni na canza haɗinsu ba tare da sun canza suna ba. Ka shafa fentin a guntun katako da jeri iri ɗaya da wanda za ka yi wa jirgin, ka bar shi mako biyu, ka ɗiga masa ɗanyen man da injinka ke sha, ka jira minti goma, sannan ka goge da farin ƙyalle. In launi ya biyo ƙyallen, kada wannan fenti ya hau jirginka.